Ƙofar da Aka Bar wa Kompadre

Ranar da Don Wilfrido ya bar kamfaninmu, alade guda aka gasa masa a tsakar masana'anta, aka kawo makaɗa, maigida ya rungume shi yana share hawaye. Ni kuwa ina gefe da faranti a hannu, abu ɗaya ke raina: mutumin nan zai tafi, amma asusunsa na shiga kwamfutocinmu yana nan a buɗe.

Ni ce injiniyar da ke kula da kwamfutocin kamfanin. Jatan lande muke sarrafawa a nan Machala, mu tura ƙasashen waje, kuma duk farashin da muke ba masu saye yana cikin saba, babbar kwamfutar da ke ɗakin sanyi kusa da ofishina. Don Wilfrido ba hutu ya tafi ba. Tasa masana'antar ya buɗe a hanyar tashar jiragen ruwa, sana'a ɗaya da tamu.

Washegari na shiga wurin maigida, Don Eleuterio, na ce zan rufe asusun.

"Ki rufe me?"

"Ƙa'ida ce, Don Eleuterio. Duk wanda ya ajiye aiki, a ranar ake rufe masa, ko da ɗan cikinka ne."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Injiniya, wa ya riƙe 'yata Mariuxi ranar baftismarta? Shi ne. Uban baftismarta ne, don haka kompadre na ne, ɗan'uwana har mu mutu. Mutumin da ke shiga gidana ba ƙwanƙwasa ƙofa, shi zan datse wa kwamfuta kamar ɓarawo? Idan ya ji, da wane ido zan kalle shi a coci?"

"To a rage masa. Ya riƙa ganin tsofaffin wasiƙunsa, ban da farashi."

"Ke matsalarki kenan, kowa ɓarawo ne a wurinki. Je ki gyara firinta, tun jiya take cin takarda."

Firinta. Na yi shekaru ina fama da mutanen nan kan kowa ya riƙe kalmar sirrinsa, a daina liƙa ta a jikin allo, a riƙa ajiye kwafin bayanai a wani gini daban, amma a idon maigida ni mai gyaran firinta ce da ta cika surutu. Na fito raina a ɓace.

Ba a daɗe ba masu saye suka fara zamewa. Da mun aika farashi, sai a wayi gari Don Wilfrido ya aika nasa, ƙasa da namu kaɗan. Ba sai an kira boka ba. Saba tana nuna wanda ya shiga da abin da ya buɗe, kuma asusun Don Wilfrido kullum yana shigowa daga waje, kai tsaye wurin farashi. Na ɗauki kwamfutata na kai wa maigida har teburinsa. Ko kallon allon bai yi ba.

"Wani ne ya saci kalmar sirrinsa," in ji shi.

"To ai dalilin rufewa ya ƙaru kenan. Ko kuma a haɗa da lambar da ake turawa waya, mu ga wayar wa za ta yi ƙara."

"In sa kompadre na ya riƙa nuna shaida kamar baƙo? Kin ci abincin rana kuwa, Injiniya? Yunwa ke sa ki wannan zafin kan."

Amma dole a sami mai laifi, don babban mai sayenmu ma ya tafi. Sai maigida ya tuna cewa ɗan ƙanwar Doña Targelia yana dako a sabuwar masana'antar. Doña Targelia ita ke buga takardun ciniki tun ban gama firamare ba, da albashin nan take riƙe mijinta da ciwon suga ya kwantar. A garin nan wa ba shi da ɗan'uwa a wata masana'antar jatan lande? Matar da ko hoto ba ta iya turawa a waya sai na nuna mata, ita ce wai 'yar leƙen asiri. Aka ce ranar Juma'a za ta ajiye aiki.

Da safiyar Juma'ar ban nemi izinin kowa ba. Na zauna na rufe asusun Don Wilfrido.

Wajen azahar aka kira ni ofishin maigida. Doña Targelia tana zaune, jakarta a cinya, ta sa rigar da take zuwa coci da ita. Maigida ya ce in rufe mata asusu kafin ta fita. Ban kai ga amsawa ba wayarsa ta yi ƙara. Kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum a lasifika yake amsa waya, duk wanda ke ɗakin yana ji.

"Kompadre, ya gida, ya 'yata Mariuxi?" Muryar Don Wilfrido ce, har da dariya. "Wai me ya sami kwamfutarku ne? Tun safe nake gwada shiga, tana cewa an rufe ni. Wata tsohuwar wasiƙa kawai zan duba."

Doña Targelia ta ɗago kai ta zuba wa maigida ido. Ni ma shi nake kallo, na ce a raina yau dai ƙarya ta ƙare, ga mai shiga ya faɗa da bakinsa. Na ga wuyan Don Eleuterio ya yi ja.

"Yi haƙuri, kompadre," ya ce. "Yarinyar nan ce da karambaninta. Yanzu za a buɗe maka. Kana nan zuwa ranar Lahadi dai ko? Uwargida za ta yi miyar kifi."

Ya kashe wayar, ya gyara takardun gabansa, bai kalli ɗayanmu ba. "Injiniya, ki buɗe masa. Nata kuma ki rufe."

"Ba zan buɗe ba. Ka ji shi da kunnenka, Don Eleuterio. Ka san ba ita ba ce."

"Na ji kompadre na yana neman wasiƙa. Idan ba za ki iya ba, gobe zan kawo wanda zai iya."

Na miƙe zan faɗa masa duk abin da na daɗe ina haɗiyewa, sai Doña Targelia ta riƙe mini hannu.

"Bar shi, 'yata, kada ki rasa naki aikin a banza." Ta rataya jakarta, ta tsaya a gaban teburin. "Don Eleuterio, duk makon nan ban runtsa ba, ina kuka wai kana zaton ni ɓarauniya ce. Ina ta neman yadda zan wanke kaina a wurinka. Ashe ma ba ka taɓa zargina ba, tun farko ka san mai yi."

Ta fita, ta ja masa ƙofar a hankali.