Kujerar Ɗingishi

Mai fenti yana kan tsani yana zana harafin ƙarshe a sabon allon shagon. Ɗingishi kuwa yana ƙasa, ya goya hannuwa a baya, ya ɗaga kai yana kallon sunansa na yanka cikin farin fenti, kamar uban da ɗansa ya dawo daga doguwar tafiya. A ƙarƙashin sunan an rubuta Kafinta da ƙananan baƙaƙe.

A faɗi wannan tun da wuri: ƙafafun mutumin nan lafiyarsu ƙalau. Ko ƙaya ba ta taɓa sa shi ɗingishi ba. Sunan ya samo shi ne tun yana saurayi, yana koyon aiki a wurin wani tsohon kafinta da kowa ke kira Maigida. Shi Maigida yana da wata al'ada. A tsakiyar shagonsa akwai dakalin siminti da ya daidaita da hannunsa, sumul, babu tudu babu kwari. Duk kujerar da aka gama sai a ɗora ta a kai, ya cika kofi da shayi har baki, ya riƙe, ya zauna. In ɗigo ɗaya ya zuba, kujera ta koma aiki.

Ranar da aka ɗora kujerar farko da saurayin ya haɗa, shago cike yake da masu saye. Maigida ya zauna, kujera ta yi gaba ta yi baya, shayi mai zafi ya wanke masa cinya. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Miƙewa ya yi yana karkaɗe wando, ya ce, "Wannan kujera ɗingishi take yi. Kai, Ɗingishi, zo ka ɗauke ƙanwarka." Kafin la'asar sunan ya zagaye layi.

Tun daga ranar bai ƙara haɗa kujerar da ta girgiza ba. Da ya buɗe nasa shagon, dakalin gwaji ya fara zubawa kafin ya sa ƙofa. Amma suna ya bi shi kamar jela. Lokacin da yake neman aure, sai da gwaggon yarinyar ta sa shi ya kai ya komo a tsakar gida, wai tana neman ya miƙo mata buta, alhali ƙafarsa take dubawa. Matarsa ta zama matar Ɗingishi, 'ya'yansa a makaranta 'ya'yan Ɗingishi. Duk ya shanye. Abin da ya kai shi bango shi ne ranar da jikarsa, wadda bakinta bai gama buɗewa ba, ta rarrafo ta kama gwiwarsa ta ce, "Kaka Ɗingis." Gida ya ɗauki dariya, shi kuwa ya sha mur. Washegari ya kira mai fenti, ya kuma shelanta wa layi cewa wanda duk ya sake kiransa da wancan suna, to da bango yake magana.

Telan da ke maƙwabtaka da shi, wanda ake kira Sai-Gobe, ya leƙo yana karanta allon a hankali.

"Ikon Allah. Wa ya sayi shagon?"

"Mai shi ne a gabanka."

"Haba, mutumina. Ni da nake Sai-Gobe ka taɓa jin na kai ƙara? Ga Babu-Canji can mai kanti, har 'ya'yansa haka suke kiransa, bai mutu ba."

"Ai ku naku gaskiya ne," in ji Ɗingishi. "Wandona yana wurinka tun bara."

Sai-Gobe ya ce ya zo gobe ya karɓa, ya koma bakin kekensa.

Ɗingishi ya yi tsayuwar gwamin jaki a kan maganarsa. A kira shi da tsohon suna, ya ci gaba da jan zarto kamar da iska ake. Mutanen layi suka shiga wahala, don babu mai riƙe sunan yankan. Sai mutum ya fara, "Ɗin..." ya haɗiye, ya ja da baya ya ɗaga kai ya karanta allo, sannan ya yi sallama. Shi kuwa daɗi yake ji. Matarsa kaɗai ba ta damu ba, tun da da ma Baban yara take ce masa. Abin da ta ce kawai, ranar da take zuba masa ruwan wanke hannu, "An ce suna linzami ne. Naka dai ban ga inda ya ja ka ba sai wurin rufin asiri."

Ana cikin haka wata safiya 'yar Maigida ta zo shago. Tare suka taso, ita tana kawo wa ubanta abinci, shi yana share dusar katako. Ta yi sallama ta ce, "Yaya Ɗingishi," sai ta ga allo, ta rufe baki. Ya yi kamar bai ji ba, ya jawo mata benci.

Ta ce Baba ya tashi daga ciwon da ya kwantar da shi, jiki ya yi sauƙi, amma kai ya tafi. Wani lokaci ita ma sai ya tambaye ta 'yar wace ce. Likita ya ce a riƙa zaunar da shi a bakin ƙofa yana ganin mutane, ga shi kujerun gidan duk sun yi masa ƙasa, in ya zauna ba ya iya tashi. Tana son mai hannu, mai ɗan tsayi.

Kunya ta kama shi. Rabonsa da gidan tun farkon ciwon, kullum yana cewa zai je, aiki yana hanawa. Ya ture duk abin da ke gabansa. Ya fiddo katakon da ya daɗe yana ɓoyo, busasshe mai nauyi, ya yi wa kujerar haɗin da ba ya bukatar ƙusa, ya goge hannuwanta har suka yi santsi kamar bayan cokali. Da ya gama ya ɗora ta a dakali, ya cika kofi har baki, ya zauna. Shayin ko motsi bai yi ba. A ransa ya ce yau dai tsohon nan zai kira ni da sunana, ko da sau ɗaya ne.

Da ya kai kujerar, ya sami Maigida a bakin gado, ya rame, manyan hannuwan nan da suka sha riƙe guduma suna kwance a cinya ba aikin komai. Suka kama shi shi da 'yar, suka zaunar da shi a sabuwar kujera kan simintin baranda. Kujera ta zauna daram.

Ɗingishi ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi sunansa na yanka, har da na mahaifinsa.

Maigida ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo. "Sannu, bawan Allah. Kai ka kawo kujerar? Ta yi kyau. An gode, Allah ya yi albarka."

"Baba, yaronka ne fa," in ji 'yar. "Wanda ya koyi aiki a wurinka."

"To, to. Madalla." Ya mayar da idonsa kan titi.

Ɗingishi ya daɗe a durƙushe. Shekarun da ya yi a hannun mutumin nan, bai taɓa jin kalmar "ta yi kyau" daga bakinsa ba. Yabonsa mafi girma shi ne ya shanye shayin ya tashi bai ce komai ba. Yau ga yabo ga godiya, amma ji ya yi kamar an rufe masa ƙofa a fuska. Zuciyarsa ta yi nauyi ƙwarai.

A gida ya tasa abinci a gaba yana juya cokali. Matarsa ta tambaya, ya gaya mata.

"Da wane suna ka gaishe shi?"

"Da sunana mana."

"Shi ya taɓa kiranka da shi?"

Ya ajiye cokalin. Ta ɗauke kwanon ta rufe, ta ce in ya ji yunwa yana nan.

Washegari da hantsi ya koma, zarto a hammata. Ya ce wa 'yar akwai ɗan gyaran da ya manta. Maigida yana ciki ana ba shi magani. Ɗingishi ya kifa kujerar a baranda, ya kama ƙafar baya ta hagu, ya tsaya yana kallonta. Tun yana saurayi yake gudun wannan abu, yau ga shi zai yi da hannunsa. Ya ɗora zarto ya zare ɗan siririn yanki, kaurinsa bai fi na tsinken ashana ba, yadda ba za ta kayar da kowa ba. Ya hure dusar, ya mayar da kujerar mazauninta.

Aka fito da Maigida, aka zaunar. Kujera ta ce ƙwas.

Tsohon ya kasa kunne. Ya ɗan jingina baya, ta koma. Ya dawo gaba, ta sake cewa ƙwas. Sai hannun nan da ke kwance ya tashi, ya dafe hannun kujerar, ya danna kusurwa ɗaya, ya danna ɗayar. Fara'ar baƙuntar nan ta bar fuskarsa, gira ta haɗe.

"Ke, kawo mini kofi. Ki cika shi."

'Yar ta dubi Ɗingishi, ya gyaɗa mata kai. Ta kawo ruwa har baki. Maigida ya karɓa, ya gyara zama, ruwan ya zubo masa a gwiwa.

"Wane sakarai ne ya haɗa wannan?"

Ya ɗago kai. Idonsa ya wuce 'yarsa, ya sauka kan mutumin da ke tsugune, mai furfura a gemu da zarto a gefe. Ya ƙura masa ido.

"Ɗingishi," ya ce. "Ai na sani. Wato har yau ba ka koya ba?"

"Ban koya ba, Maigida."

"Kullum ina gaya maka, auna sau biyu kafin ka yanka. Kunnen ƙashi gare ka. Dubi katako mai kyau yadda ka wulaƙanta shi. Ina uwarka, ta warke daga ciwon ƙafar?"

Uwar ta daɗe da rasuwa. Ɗingishi ya ce da sauƙi. Ya sunkuyar da kai yana karɓar faɗa, faɗan kuwa ya yi tsawo, har da laifin wata taga da aka ɓata tun kafin a haifi 'ya'yansa. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. 'Yar ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi, tana dariya.

Da faɗan ya lafa, ta ninke ɗan kwali za ta cusa a ƙarƙashin gajeruwar ƙafar. Ɗingishi ya riƙe kwalin, ya girgiza mata kai.

"Gobe ka zo ka gyara ta," in ji Maigida. "Kada ka sa in aiko."

"Zan zo."

Ya kuwa zo, ya sake zuwa jibi, kullum da zarto a hammata, kullum kujera tana nan yadda take. Wata rana a gane shi tun daga bakin ƙofa, wata rana sai ta ce ƙwas tukuna.

Allon shago yana nan da farin fentinsa, bai sa an goge ba, kuɗi ya biya. Ran nan yana dawowa daga gidan Maigida ya tarar da wata mata tsaye a ƙarƙashinsa, tana karantawa tana waige-waige. Sai-Gobe ya leƙo daga bakin keke, ya buɗe baki, ya tuna doka, ya rufe.

"Don Allah, malam," in ji matar, "an ce mini a layin nan shagon Ɗingishi yake."

Ya laluba aljihu ya fiddo makulli.

"Shigo," ya ce. "Ni ne."

Ta saci kallon ƙafafunsa. Ya bar ta ta gama kallo, sannan ya buɗe ƙofa.