Harajin Ikilima

Maikuɗi direba ne a wani kamfanin sayar da kayan ofis da ke unguwar Ulaya a birnin Riyad na Saudiyya, amma a unguwar Utaiƙa yake haya da matarsa Jamilatu da 'yarsu tilo, Ikilima. A Riyad aka haife ta. Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, Nijeriya kuwa a hirar iyayenta ta fi saninta.

Da ta gama sakandare ta ce ita aikin jinya za ta karanta a nan Riyad. Albashin direba ba zai ɗauki kuɗin kwalejin ba. Ana cikin haka sai wani asibitin kuɗi da ke jiharsu a Nijeriya ya yarda zai biya mata makaranta, ya kuma riƙa ba ta alawus duk wata, da sharaɗin in ta gama za ta je ta yi musu aiki na shekara huɗu. Maikuɗi ya sa hannu yana hamdala.

Alawus ɗin farko ya zo da giɓi. Maikuɗi ya buga wa akantan asibitin waya, wani dattijo mai suna Malam Uwais.

"Alhaji, haraji aka cire," in ji Malam Uwais. "Da kyauta muke ba ta, da ba a taɓa ba. Amma tunda akwai sharaɗin aiki, a wajenmu albashi ne ta fara karɓa tun kafin ta iso."

"Yarinyar da ko allura ba ta fara yi ba?"

"Haka tsarin yake, Alhaji."

Maikuɗi ya ajiye wayar yana tsaki. Ikilima kuwa, da ke yanka albasa a kusa da uwarta, sai ta saki wuƙar.

"Ya'ani ni muwazzafa ce, Baba? Ma'aikaciya?"

"Ma'aikaciyar da aka yi wa ƙwange."

"La, Baba. Ka bar musu. Kai ma kanka ba ka biyan haraji, ni ina biya!"

Tun daga ranar ta ɗauki abin da gaske. Ta hana kowa yi mata Larabci a gida. Sai ta zaunar da uwarta a kan kujera, ta kama hannunta, ta ce, "Iya, ina ke miki ciwo?" Jamilatu ta ce ƙugu, ko haƙarƙari, ko mara, ita kuma ta yi ta laluben wurin har ta gano. Ranar da ta ce wa idon sawu "hancin sawu", dariya har da hawaye. Duk wanda ya zo gidan sai ta gaya masa akwai marasa lafiya da ke jiranta a Nijeriya.

A shekararta ta ƙarshe, cikin 2014, aka tura su koyon aiki a ɗakin marasa lafiya. A lokacin ne cutar numfashin nan da ake cewa daga raƙuma take ta yi tsanani a Riyad. Ikilima ta dawo wata rana da zazzaɓi, ta ce gajiya ce. Kafin mako ya zagayo an keɓe ta. Ta bayan gilashi iyayenta suka riƙa ganinta, tana ɗaga musu yatsu, daga baya ko yatsun ba ta iya ɗagawa. A Riyad aka binne ta. Mutane kaɗan ne suka samu zuwa.

Bayan an share makoki Maikuɗi ya koma aiki, don kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ba ya jira. Yana zaune a mota a gindin wani dogon bene a Ulaya, yana jiran maigidansa ya fito, sai ga kiran Malam Uwais. Dattijon ya yi ta'aziyya.

"Alhaji, masu asibiti sun zauna. Sun yafe komai. Ba za a nemi ko kwabo a hannunka ba."

"Allah Ya saka musu da alheri."

"Akwai kuma wani abu. Tunda Allah bai nufa ta yi aikin ba, an mai da kuɗin tallafin karatu, ba albashi ba. Na bi an amince za a dawo muku da harajin da aka cire."

Maikuɗi ya gyara riƙon wayar.

"Wato yanzu ba ma'aikaciyarku ba ce."

"A takarda, ɗaliba ce."

"Malam, a bakin gadon mara lafiya ta kwaso ajalinta."

"Na sani, Alhaji. Wallahi taimako na yi nufi."

"Don Allah ku bar shi yadda yake. Ita ta ce a bar muku."

"An riga an rufe maganar. Ba ni da ikon buɗe ta."

Maigidan ya fito, ya shiga baya, ya ce, "Yalla, Murabba," wato su wuce unguwar Murabba. Maikuɗi ya tada mota. Sai da suka tsaya a danja mutumin ya lura kafaɗun direbansa na girgiza, ya miƙo masa ruwa.

Da ya gaya wa Jamilatu, ba ta yi kuka ba. Ta dai juyo ta dube shi.

"Malam, in kuɗin sun zo ka saya mini tikitin komawa gida da su. Ba zan iya zaman ɗakin nan ba."

"Ki bar ni ni kaɗai?"

"Ka zo mu tafi tare."

"In bar Ikilima da wa?"

Kuɗin suka zo bayan Babbar Salla. Ya je aka yi wa Jamilatu takardar fita ta dindindin, aka soke iƙamarta, wato izinin zamanta a ƙasar. Shi da kansa ya kai ta filin jirgi, ya tura mata akwatunanta har inda aka tsayar da masu rakiya. Ta juyo ta ce ya riƙa cin abinci. Ya ce to.

A ƙarshen watan ya saki gidan Utaiƙa, ya koma ɗakin direbobin kamfani, inda aka ba shi gadon sama kusa da ƙofa.