Wanda Ya Kori Bakri

Bakri yakan hau bene hawa biyar ya rataye a bango yana gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ko gezau, amma gaya wa mahaifiyarsa zai bar Madina ya fi ƙarfinsa. Matarsa Sundus ta samu aikin koyarwa a Yanbu, shi kuma ya ajiye nasa aikin a wani shago a unguwar Sultana don ya bi ta. Abin da ya rage masa shi ne albarkar mahaifiyar tasa, Hajja Kaltuma. A gidansu na unguwar Harra ta Gabas kuwa ba a barin Madina da son rai. Tun yana ƙarami ake cika masa kunne cewa kakansa ya tako a ƙasa tun daga Kano don kawai a binne shi a garin nan.

Sai Bakri ya yi dabarar matsorata, ya ce korarsa aka yi, dole ya koma Yanbu neman wani aikin.

Hajja ta yi salati, ta ce tunda dole ce, Allah ya sa Yanbu ta zama alheri. Har ya fara murna. Kashegari wata maƙwabciya, irin waɗanda suka fi gwamnati sanin doka, ta shaida mata ai ɗan ƙasa in aka sallame shi ba da laifinsa ba, akwai tallafin da ake ba shi duk wata. Wanda ya ajiye da kansa ne ba shi da komai. Hajja ta tambayi Bakri ina nasa. Maimakon bawan Allah ya tsaya a ƙarya ɗaya, sai ya ɗora wata, wai maigidansa Sa'id ne ya rubuta cewa da kansa ya ajiye.

Nan take ta yafa abaya, ta ɗauki sandarta, ta sa shi gaba sai Sultana.

Sa'id, mutumin da ya yi ta roƙon Bakri kada ya tafi har da alkawarin ƙarin albashi, ya sha ruwan faɗa a gaban masu kawo gyara. Ta kira shi azzalumi da Hausa, ta maimaita da Larabci don kada wani ya fita bai fahimta ba. Bakri na raɓe a cikin matattun mukayyif, gumi na keto masa.

Da ta tsaya jan numfashi, Sa'id ya ce, "Ya Hajja, wallahi ɗanki ne ya kore ni. Ni har yau ban samu madadinsa ba."

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Kunya kamar ta kashe Bakri. Can ta tambaye shi ko matarsa zai bi, ya amsa da kai. Sai ta fashe da dariya har da tari.

"Majanuni. Wa ya ce maka kabari kakanka ya zo nema? Uwata ce ta biyo ayarin yayyenta, shi kuma ya bar rini a marina ya biyo ta ko sallama bai yi ba. Ka rasa tallafi, ka zubar mini da mutunci a Sultana, duk a kan abin da ka gada."

Bakri ya nemi gafara, ya tambaya ko ta yarda ya tafi.

"Na yarda, ya waladi, ɗana, Allah ya yi maka albarka," in ji ta, ta juya fuskarta wajen taga. "Amma ka bar ni in yi kukana tukuna. Tun ranar da ka faɗa mini, haushin Sa'id ne ya hana ni."