Ranar da Muka Fasa Ƙofar Injiniya

"Malam, ka bari haka nan, hannunka zai kumbura," in ji matata.

Ban bari ba. Na sake buga ƙofar da tafin hannu, sannan na kara kunnena a jikinta. Shiru. Ledar abincin da aka kawo masa jiya tana nan rataye a hannun ƙofar, tururuwa sun yi layi suna hawa. Rigunansa ma suna kan igiya a tsakar gida, rana ta busar da su, ruwa ya sake jiƙa su, sun sake bushewa.

Injiniya maƙwabcinmu ne a gidan hayar da muke zaune, bango ɗaya ya raba ɗakinsa da namu. Saurayi ne shiru-shiru, ba shi da mata, aikinsa duk a cikin kwamfuta yake. Shi da wasu abokan aikinsa suna gina wa masu ƙananan sana'o'i shafin intanet inda mutane za su ga kaya su yi oda. Kowannensu yana garinsu, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ofishinsu yana cikin wata manhaja da suke hira da raba aiki a ciki. Shi ya yi wa matata shafin da take sayar da sabulun da take haɗawa. Mama yake ce mata, ni kuma Baba Malam.

Matata ta miƙo mini wayarta. "Duba nan, ga ɗigonsa kore. Ya ce mini in dai ɗigon nan kore ne, yana zaune a bakin aiki. Wataƙila ya toshe kunne ne da abin sauraron nan nasa."

Na duba. Kusa da hotonsa akwai ɗan ɗigo kore shar. Amma ni na san abin da ita ba ta sani ba.

Wata rana da yamma ya kira ni shan shayi a ɗakinsa. Na ga linzamin kwamfutarsa, ɗan abin nan da ake motsa kibiyar allo da shi, a kan wani ɗan faifai da ke juyawa a hankali, ba mai taɓa shi. Na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan aikena ke nan, Baba Malam. Muddin linzamin yana motsi, manhaja za ta ɗauka ina nan, ɗigona ba zai mutu ba." Ya nuna mini kuma yadda yake jera saƙonni tun kafin lokacinsu: gaisuwar mahaifiyarsa ta kowace safiya, bayanin da yake ba abokan aikinsa, har da aikin da ya riga ya gama. Kowanne ya sa masa rana, in ta zo sai ya tafi da kansa. Yana da ciwon suga, akwai ranakun da ba ya iya ɗaga kai daga matashi. "In suka ga ina yawan ɓacewa, za su nemi mai lafiya," ya ce. "Ita kuma Inna in ba ta ga gaisuwata ba, ba ta cin abinci." A lokacin na yaba masa da dabara.

Na ce wa matata ta kira lambarsa. Ta kira. Muka ji wayar tana ƙara a cikin ɗakin, ta yi ta yi har ta gaji.

Ƙarar bugun ƙofa ta fito da Mai-gida, wanda ya ba mu hayar, daga sashensa, yana gyara ɗaurin wando, da alama daga barcin rana ya tashi.

"Malam, lafiya? Ko ɗalibanka ne suka ɓuya a ciki?"

Na gaya masa abin da nake tsoro, dalla-dalla, yadda nake yi wa yara bayani a aji. Ya saurara yana sosa ƙeya.

"Ya manta wayar ne ya fita," ya ce. "Yaran yanzu ai sai su."

"Yallaɓai, sakata a ciki aka sa ta. Tura ka ji."

Ya tura ƙofar da yatsa biyu, ya ji ta ƙi. Ya ja da baya kaɗan.

"To barci yake. Malam, kai mai ilimi ne, ka san ba a fasa ɗakin ɗan haya haka kawai. Ɗakin nan cike yake da na'urori. Gobe ya ce abu ya ɓace, wa 'yan sanda za su kama? Ni ko kai? Ka kira danginsa, in sun ce a fasa, a fasa."

Ina da lambar yayarsa, ta taɓa zuwa ta kwana a wurinmu. Na kira ta, na buɗe murya don kowa ya ji. Hayaniyar kasuwa ce a bayanta.

"Baba Malam, ina wuni? Auta? Ai lafiyarsa lau. Da safen nan ya gai da Inna, ni na karanta mata saƙon. Har ya ce ta riƙa shan maganinta."

"'Yata, kin ji muryarsa?"

"Muryarsa? Wannan sarkin rowar murya? Ai shi sai rubutu." Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. "Baba, wani abu ne ya faru?"

Na ce mata ban sani ba tukuna, ta bar wayarta a kusa. Ban so in tayar mata da hankali alhali tana wani gari, ba abin da za ta iya yi.

Mai-gida ya buɗe hannuwa. "Ka ji ko? Mutumin da ya gai da uwarsa da safe. Malam, je ka huta. Tsufa ne ya fara kama ka."

Ya juya zai tafi. Na dubi tagar ɗakin, labule a sake, ba ko ɗan tsagi. In na yi kuskure, kunya kawai zan sha, in gyara ƙofa. In ban yi kuskure ba, yaron yana kwance a bayan katakon nan, tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba, kuma duk duniya tana shaida cewa yana lafiya.

"Tsaya, Yallaɓai," in ji matata. A shafinta akwai wurin da ake danna neman taimako in abu ya lalace. Ta danna, ta rubuta cewa maganar rai ce, a kira ta. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara, fuskar wata budurwa mai tabarau ta bayyana. Ita ce shugabar su Injiniya, mai raba musu aiki. Na karɓi wayar na yi mata bayani.

"Baba, ka kwantar da hankalinka," ta ce cikin ladabi. "Yana nan tare da mu. Ga shi kore yanzu haka. Da safe ya rubuto abin da ya yi jiya, ya kuma turo gyaran shafin wani tela, mun duba ya yi kyau."

"'Yata, ina da tambaya ɗaya. Abin da ya turo da safe, za ki iya ganin ranar da ya rubuta shi? Ba ranar da ya iso ba, ranar da ya rubuta."

Na ga idanunta sun bar ni sun koma wani gefe, na ji ƙarar yatsunta a kan madannai. Mai-gida ya matso ya leƙa ta kafaɗata. Matata ta riƙe gefen rigata, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

Budurwar ta cire tabaraunta.

"Tun makon jiya aka jera shi," ta ce a hankali. "Na jiya ma haka. Da na shekaranjiya." Ta sake danne-danne. "Na yi masa tambaya shekaranjiya, bai amsa ba, na ɗauka aiki ne ya sha kansa. Baba, duk muna yin haka, ni ma ina jera nawa in zan fita. Ban taɓa tunanin..." Ta dawo da idanunta kaina. "Don Allah ku fasa ƙofar. Ku fasa yanzu. In akwai wata magana, ni ce na ce."

Mai-gida ya juya nan take. Ya fita da gudu, takalminsa ɗaya ya cire a bakin zaure bai tsaya ɗauka ba. Ya dawo da kafintan bakin titi, riƙe da guduma da wani dogon ƙarfe.

"Wa ya kulle kansa?" in ji kafintan, yana murmushi. Da ya dubi fuskokinmu sai ya haɗiye sauran maganar.

Ya cusa ƙarfen tsakanin ƙofa da bango. Katakon ya yi ƙara, ya ƙi. Ya sake dannawa, Mai-gida ya sa kafaɗa. Ni ina ta kiran, "Injiniya, mu ne, kada ka ji tsoro," ko da yake ban san ko akwai mai ji ba. A karo na gaba sakatar ta tsinke, ƙofar ta ɓalle daga sama ta karkace.

Iska mai zafi ta fito, da wani wari kamar na 'ya'yan itace da suka fara ruɓewa. Ba wanda ya so ya fara shiga. Na shiga.

Yana kwance a ƙasa tsakanin gado da tebur, kuncinsa a kan siminti, hannunsa ɗaya miƙe wajen ƙofa. Kofin roba ya kife kusa da shi. Leɓunansa sun bushe sun tsattsage. A kan tebur kwamfutar tana kunne, faifan nan yana juyawa, linzamin yana tafiya a kai yana dawowa.

Na durƙusa na sa hannu a wuyansa. Ban iya tantance komai ba. Sai ƙirjinsa ya ɗaga, ya ja wani dogon numfashi mai nauyi.

"Da ransa!" na ce. "Da ransa, ku kawo mota!"

Muka naɗe shi a bargonsa, ni da kafinta da Mai-gida muka ɗauko shi. Bai da nauyi ko kaɗan, abin da ya ƙara ba ni tsoro ke nan. A bayan motar Mai-gida na ɗora kansa a cinyata. Mai-gida yana tuƙi yana danna ham, yana ta maimaitawa, "Malam, yana numfashi? Malam, duba mini, yana numfashi?" Kowane lokaci sai in sa tafin hannuna a ƙirjinsa kafin in amsa.

A asibiti suka karɓe shi da sauri, suka ɗaura masa ruwa a hannu biyu. Likitar, wata mace mai furfura, ta tambaye ni tun yaushe yake haka. Na ce ban sani ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta koma kan aikinta. Na kira yayarsa na gaya mata gaskiya, ta ce za ta biyo motar farko da ta samu.

Washegari da hantsi ya buɗe ido. Ina zaune a kujerar roba kusa da gadon. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni.

"Baba Malam," ya ce, da ƙyar nake jin sa. "Ba ka je makaranta ba?"

"Na ba su aikin aji. Kai ne darasina na yau."

Ya so ya yi murmushi. "Na ji bugun ƙofarka. Na so in amsa."

"Na sani. Kada ka wahalar da kanka."

"Su shugaba sun gane?"

"Sun gane. Ta kira ni ba adadi. Ta ce in gaya maka kujerarka tana nan, ba mai zama a kai."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnensa, na share masa da bakin hannun rigata. "Kada a gaya wa Inna," ya ce. Bai sake magana ba.

Yayarsa ta iso da azahar, da ƙurar hanya a jikinta. Ta riƙe ƙafarsa tana kiran, "Auta, Auta, ga ni na zo." Bai farka ba. Na fita na ba su wuri, na zauna a bencin baranda tare da wasu masu jinya. Kowace nas ta wuce sai in miƙe tsaye, ta wuce in koma in zauna. Can da la'asar na ga likitar ta shiga da sauri, aka ja labule. Na ji muryar yayarsa ta tashi sau ɗaya, sannan ta yi ƙasa. Injiniya ya cika.

Shugabarsu na fara kira, domin yayarsa ta roƙe ni a tsayar da gaisuwar gobe kafin ta isa wurin tsohuwa. Budurwar ta ce za ta yi.

Na koma gida a ƙafa, rana ta yi sanyi. Kafinta ya cire ƙofar gaba ɗaya ya jingina ta da bango. Matata ta rataya wani tsohon zanenta a bakin ɗakin, ta jawo benci ta zauna a gabansa tana gadi, tun jiya ba ta bari kowa ya leƙa ba. Ta ɗago ta dubi fuskata. Ba ta tambaye ni ba. Ta matsa gefe, na zauna kusa da ita, iska tana ɗan ɗaga zanen yana taɓa mana baya.