Ba Matakina Ba Ne

"Baba, wannan maganar ta fi ƙarfin matakina," ta ce, da muryarta ta ofis.

Tsohon mai gyaran agogo ya ɗago ya dube ta. Tun rasuwar matarsa, kullum da yamma yake jawo kujerarsa ta roba zuwa barandar maƙwabciyar tasa, yana ba ta labarin marigayiya, ita kuwa tana ninke wanki tana saurare. Aikinta ke nan dama, sauraren masu damuwa da ba su shawara.

Sai dai kwanan nan ƙungiyarsu ta raba ma'aikata mataki-mataki, aka jefa ta a na ƙasa: ƙaramar damuwa tata, babba sai na sama. A taron ƙungiyar babu wanda ya kai ta ɗaga murya kan sabon tsarin. "Yaushe baƙin ciki ya fara zuwa da lamba a goshi?" Har tafi aka yi mata. Amma da tsoho ya ce ya gaji da wayewar gari, jarumar taro sai ta tuna da lasisinta.

"Akwai ƙwararru a asibiti. Su ya kamata ka gani."

"To ki raka ni mana, 'yata."

"Zan duba lokaci."

"Na gode, Malama." Ya ɗauki kujerarsa. Bai taɓa ce mata Malama ba sai ranar.

Ba ta duba lokacin ba. Barandar ma ta daina zama, kunya ta mai da ita ɗaka. Bayan 'yan makonni zuciyarsa ta tsaya yana kan teburin aiki, gilashin gyara a idonsa.

Wajen gaisuwa 'yarsa ta riƙe mata hannu.

"Ya je asibitin, Anti. Ya ce likitan mutumin kirki ne, har barci ya dawo masa. Duk ranar da ya dawo sai ya ce in leƙa ko kina baranda, yana so ya faɗa miki kin yi gaskiya."

"Me kike ce masa?"

"In ce ba kya nan." Ta sunkuyar da kai. "Ko da ina jin rediyonki a ciki."

Maƙwabciyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da safe ta fito da tsintsiya. A kan simintin baranda, kusa da ƙofa, sawun ƙafafun kujerarsa yana nan. Ta share ko'ina, ta bar wurin.