Cikon da Ba Ya Tsukewa

"Duk garin nan, cikon haƙori nawa ne kaɗai ba ya tsukewa," in ji Likita, yana sa safar hannu.

Yayarsa tana kwance a kujerar, baki buɗe, don haka ba ta yi gardama ba. Ita ta goye shi, ta san tun yana rarrafe bai taɓa faɗuwa ba, sai dai ƙasa ta taso ta same shi.

"Kin ga, Yaya, farin ƙullun nan in an haska masa shuɗiyar fitila sai ya sandare, amma yana tsukewa kamar rigar da ta sha wanki. Shi ya sa matsorata suke zuba shi kaɗan-kaɗan, suna haskawa suna ƙarawa. Ni hannuna ya wuce nan."

Ya danna ƙullun cikin ramin turmin haƙorinta a zubi ɗaya, ya haska sama-sama saboda mutane na jira, sannan ya ƙwanƙwasa da ƙarfe.

"Kin ji? Dutse!"

Saman kam dutse ne. Ƙasan da haske bai kai ba ya zauna ɗanye, gefen kuma ya janye ya bar 'yar kafa. Ta wannan kafa ruwan sanyi yake bi ya gaida jijiya. Yaya ta koma tauna da hagu, shayi sai ya huce. Da zugin ya fara hana ta barci, ta yafa mayafi ta koma.

Ta tarar da ɗakin jira maƙil, fanka na juya zafi, wata mata riƙe da kumatu tana shawarar guduwa. Likita ya leƙo.

"Yauwa, ga shaida ta zo da ƙafarta! Hajiya, tambayi Yayata. Zan cuci wadda ta goye ni?"

Matar ta juyo. Yaya ta dubi ƙanen nata, ga furfura a gemu, ga gumi a wuyan riga, yana jiran a yabe shi kamar ranar da ya fara ɗaura takalmi da kansa.

"Dutse ne," ta ce. "Wucewa nake, na ce bari in gaishe ka, Auta."

Ta hau mota zuwa can ƙarshen gari, wani asibiti inda ba a san ko yayar wa ce ba. Likitan wurin ya leƙa bakin, ya yi tsaki, ya tambayi wa ya yi wannan aiki.

"Ya rasu," in ji ta. "Cire haƙorin kawai, ɗana."

Ta dawo gida da auduga a baki.