Fatihar Mainassara

Tun da aka sa wa Mainassara pil, wato batirin zuciya, a ƙirji a Yamai, zama ya gagare shi. In ya zauna a zaure sai ya miƙe, in ya miƙe sai ya leƙa rumbu, rumbun da ya san abin da ke cikinsa tun jiya. Mutumin da ya shekara arba'in yana noman gero a gonarsa ta hanyar Birnin Lalle, shi aka ce zuciyarsa ta yi kasala, aka dasa mata wata ƴar na'ura da ba ta kai kwalin ashana ba, don ta riƙa zungurinta. Likita bai hana shi aiki ba. Ya ce motsa jiki ma magani ne, amma kada bugun ya wuce ɗari da goma a minti. In ya wuce, ya nemi inuwa.

To, ina Mainassara ina ƙidayar minti? Wani majo, ma'aikacin jinya mai dabara, ne ya raba gardama kafin a sallame shi daga asibiti. Ya sa shi ya karanta Fatiha kamar yadda yake yi a salla, ya dubi agogo, ya yi ƴan rubuce-rubuce a bayan takarda, sannan ya karɓi ƙaramin carbinsa mai ƙwaya talatin da uku.

"Baba, yatsu biyu a wuya, carbi a ɗayan hannun. Bugu guda, ƙwaya guda, kana karatu. In carbi ya ƙare Fatiha ba ta ƙare ba, ka zamna."

Ɗansa na fari, Badaru, mai fataucin hatsi a Maraɗi, bai gamsu ba. Ya sayo wa uban agogon hannu mai auna bugun zuciya. Kwana uku agogon ya yi a gona yana kuka kamar ɗan tsako, Mainassara ya ce ya cika tsegumi, ya rataye shi a ƙusa bayan ƙofa. Da Badaru ya ji, sai ya zo gida Dakoro da kansa, ya durƙusa, ya faɗi abin da ke ransa. Yana so a ba Zakiru, ɗan ƙanen uban, riƙon gonar, shi kuma tsoho ya koma Maraɗi kusa da asibiti. Suka ja, suka ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. In aka gama maimai, wato noma na biyu, carbi bai taɓa riga Fatiha ba, gona tana hannun mai ita. In ya riga ko sau ɗaya, Mainassara zai faɗa da bakinsa, ya kuma shiga mota. Badaru bai nemi shaida ba, don bai taɓa kama ubansa da ƙarya ba.

Damina ta yi kyau a shekarar, ciyawa ma ta ji daɗinta. Mainassara yakan fita da hauya tun raɓa ba ta bushe ba. Ya yi layi biyu, ya tsaya, ya dafa wuya, ya ja carbi, leɓe na motsi. Kullum sai ya ce amin da sauran ƙwaya biyar ko shida a hannu. Sai ya yi murmushi ya tofa yawu a tafi. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana jin zuciyar tana dukan haƙarƙarinsa kamar ana sakwara, wani lokaci gonar ta ɗan juya masa, kuma tsoro yake ji ƙwarai. Ba mutuwa yake tsoro ba. Benci yake tsoro, wanda zai zauna a kai a ƙofar gidan ɗansa yana kallon motoci, ana ce masa sannu Baba.

Ranar da ya rage saura kwana uku a gama, matarsa Safi ta kawo masa fura da hantsi. Ta same shi a tsakiyar layi yana awonsa, rigar ta manne masa a baya. Ba ta yi sallama ba don kada ta katse shi, ta tsaya riƙe da ƙwarya tana kallon bakinsa. Shekara talatin da shida tana jin karatun mutumin nan. In limamin unguwa ya yi tafiya aka tura shi gaba, har gunaguni ake yi a sahun baya saboda jan da yake wa Fatiha. Yau kuwa kafin ta sauke ƙwarya ya kai amin.

"Saura shidda," ya ce, yana nuna mata carbin.

"Malam, mi ka karanta?"

"Mi kika ji na karanta? Fatiha mana."

"Wagga Fatiha, ko mai gudun kare ba ya yi mata haka."

Ya ɗaure fuska, ya ce aikin gona ba wurin wa'azin mata ba ne, ya juya ya kama hauya. Ya yi layi guda cur da fushi, ƙasa na tashi, don ta ga har yanzu da sauransa. Da ya kai ƙarshe ya juyo, tana nan inda ya bar ta.

"Ni ban iya lissahin lokotoro ba," ta ce a hankali. "Amma ka yi ta sau guda yadda kake yi gaban Ubangijinka. In carbi ya rage, ba ni ƙara magana."

Da ma ta yi masa faɗa, da ya san abin da zai ce. Ya jingine hauyar a kafaɗa, ya sa yatsu a wuya, ya fara da bisimilla, wannan karon a bayyane, da muryarsa ta masallaci. Ƙwayoyin suna ta zubewa ta ƙarƙashin babban yatsansa, ya kasa tsayar da su. Bai kai ga ayar neman shiriya ba yatsan ya taɓo ƙullin carbin. Bai yanke karatun ba. Ya ja shi har ƙarshe, hannunsa a sake, ya ce amin.

Ya daɗe a tsaye. Bai san ranar da ya fara gaggawar ba, kuma ba da niyya ya fara ba, amma ya san bakinsa ya gane abin da ransa ke so, ya yi ta yi masa. Kusan wata guda ke nan yana tauye Fatiha don ya tsira da gona. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Ya taka zuwa gindin gawo ya zauna. Safi ta miƙa masa furar, ya karɓa bai sha ba. Idonsa na kan layukan da suka rage, ciyawa kore shar a tsakanin gero.

"Ba sai na Maraɗi ya ji ba," ta ce, don ba ta faɗin sunan ɗan fari. "Kwana ukku ne. Ni da Zakiru muna gamawa, kai ka huta. Wa ya gani?"

Mainassara ya dube ta. Ya ga da gaske take, ita ma ba ta son barin gidanta, kuma ya ji tausayinsu su biyun. Ya aje ƙwaryar a ƙasa, ya gyara mata zama da yashi don kada ta kife.

"Wanda nike karanta ma ita ya gani," ya ce. "Miƙo mini tarho."

Ta ciro wayar daga bakin zane. Sau biyu ya danna lambar Badaru ba daidai ba, a na uku ya kara wayar a kunne.